Rufi ɗaya ga Tsohuwar Kasuwar Gusau: zai yi ko ba zai yi ba?

Injiniya Bello: Salamu alaikum. Yarona da ke karatu a Lids, can arewacin Ingila, ya turo mini hotunan kasuwarsu ta Kirkgate. Ƙaton zaure ne na ƙarfe da gilashi, ginin 1904, har gobe ana ciniki a ciki. A kasuwar nan Michael Marks ya kafa teburinsa a 1884, shi ne ya zama babban kamfanin shagunan nan na Ingila, Marks & Spencer. Ni dai na ce da za a yi wa Tsohuwar Kasuwa rufi ɗaya haka, da tattaɓa-kunnenmu sun gaje ta.

Alhaji Sani mai atamfa: Wa alaikumus salam. Injiniya, su sanyi suke gudu. Mu ka ɗora mana gilashi a ka da bazara? Kafin azahar mai tumatir ya tafka asara.

Injiniya Bello: Ba lallai gilashi ba, Alhaji. Rufi mai bisa, da kafofin iska. Ka manta bara da muka kwana kwashe maka atamfa cikin ruwa?

Alhaji Sani: Ban manta ba, Allah ya saka. Amma gobara fa? Babbar kasuwar Sakkwato a 2021, Sabon Garin Kano a 2016. Rufi ɗaya, wuta ɗaya.

Injiniya Bello: Ta Lids ma ta ƙone a 1975, tsohon zauren kuma ya tsira. Wayar wuta ta barkatai da fetur ɗin janareta ke jawo gobara.

Malam Umaru baduku: Ku bar zuwa Turai. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, fiye da shekara 500, ba da wani zaure ba. Dukawa da masu turare da 'yan koli, ɗa na gadon rumfar ubansa, su suka riƙe ta.

Hajiya Luba: Malam ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Shekara 22 ina sayar da daddawa da kuka a gindin bango ɗaya, da ita na aurar da 'ya'ya uku. In aka rushe aka yi sabon gini, wa za a ba shago? Mai kuɗin haya na shekara. Ni da Fulanin da ke kawo nono, bakin titi za mu koma.

Injiniya Bello: Hajiya, ai za a ware muku wuri.

Hajiya Luba: To a fara rubuta sunayenmu, Sarkin Kasuwa ya sa hannu, kafin a cire kwano ko ɗaya.