Neman kalma: me za mu kira "remediation" da Hausa?

1/ Jama'a, a taya ni neman kalma. Kamfanonin mai suna da abin da suke kira "remediation", wato aikin da ake yi wa ƙasa da ruwa bayan mai ya malala. A rediyo "tsaftacewa" muke ji. Ni kam ba ta kwanta mini ba.

2/ Tsafta aikin yini ce, a share a wanke a tashi. Ku dubi Ogoni a jihar Ribas. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce aikin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. A Nisisioken Ogale an tarar da mai, kaurinsa santimita 8, kwance a kan ruwan da ke shayar da rijiyoyi, sinadarin benzene mai jawo ciwon daji kuwa ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) fiye da sau 900. Wace tsintsiya ce za ta kai nan?

3/ "Gyara" ta yi faɗi, har keke ana gyarawa. "Farfaɗowa" kuma sakamako ce, ba aikin ba.

4/ Ni "jinya" na zaɓa. Jinya tana da awo, da magani, da komawa a sake dubawa, ba a sallama sai an ga sauƙi. Abin da ya fi ja na ma shi ne kati. Likita ba ya jinya babu katin mara lafiya. Haka kamfani: ina aka binne bututu, yaushe ya fashe, nawa ya zuba, wa ya auna. Injiniyoyi suna ritaya, rijiyoyi suna sauya hannu, kamar yadda Shell ya sayar wa kamfanin Renaissance ayyukansa na kan tudu a 2025. In katin bai bi rijiyar ba, wanda ya karɓe ta lalube zai yi.

5/ Na so in ce "jinyar ƙasa", sai na ga za a ɗauka Najeriya ake jinya. Don haka: jinyar muhalli. Bayanan da ake adanawa kuma, katin jinyar muhalli.

6/ Zancen ya iso gida, tunda an ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a 2022, ga kuma man Agadem na Nijar da ake tacewa a Zinder tun 2011. 'Yan'uwa na Damagaram, in Faransanci ya ce "dépollution", me gidajen rediyonku suke cewa da Hausa?