Masu zuwa jaje da hukunci a baki: wa ya taɓa gamuwa da abokan Ayuba?

Maman Tagwaye: Salama, 'yan'uwa. A zumuntar mata muna karatun Littafin Ayuba. Da masifa ta sami Ayuba, abokansa Elifaz da Bildad da Zofar sun zauna da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan, amma da suka buɗe baki sai ɗora laifi. A sura 42 Ubangiji ya ce ba su faɗi gaskiya a kan shi Ubangijin ba. Wa aka taɓa yi wa irin wannan jaje?

Tela Mai Haƙuri: Ni, Mama. Shekarar da shagona ya ƙone, toka ba ta huce ba wani dattijo ya zo ya buɗe mini Karin Magana 3:9-10, wai da ina fitar da zakka da rumbuna ya cika. Ayar gaskiya ce, ba na musu. Amma bai tambaye ni komai ba, kuma wayar lantarki ce ta jawo gobarar. Daga baya na karanta Ayuba 22, inda Elifaz ya ce Ayuba ya hana mayunwata abinci, ya kori gwauraye hannu wofi. Yaushe ya ga haka? Tunda a lissafinsa mai shan wahala dole mai zunubi ne, sai ya ƙirƙiro zunubin.

Ƙanwar Kowa: Na daɗe ban samu haihuwa ba. "Ki binciki kanki" na ji shi har na gaji. Wata tsohuwa a cocinmu kuwa takan zo ta share mini tsakar gida, mu yi addu'a, ta tafi. Ko karatu ba ta iya ba.

Baban Yara: Ku yi mini aikin gafara, ba duk mai tsawatarwa ne makaho ba. Karin Magana 27:6 ta yabi raunin da aboki ya yi maka. Lokacin da bashi ya sha kaina, kawuna ne ya zaunar da ni ya lissafa mini inda kuɗina ke zurarewa. Na ji zafi, amma ya yi daidai.

Maman Tagwaye: Baba, ai kawunka da idonsa ya gani kafin ya yi magana. Dattijon Tela me ya gani?

Baban Yara: Toka kawai, Mama. Tela, kun ƙara haɗuwa da shi?

Tela Mai Haƙuri: Kowace Lahadi, Baba. Ni nake ɗinka masa kayan Kirsimeti.