Ɗiyata ba ta son buɗa littafi, ku ba ni shawara

Maman Nafisa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗiyata shekararta 9, tana CE2, wato aji huɗu na firamare, a nan Yamai. Mushensu, wato malaminsu, ya ce tana karanta Faransanci tiryan-tiryan, amma in an tambaye ta me shafin ya ƙunsa sai ta yi tsit. Na saya mata littattafan labarai masu hotuna, ta kalli hotunan ta aje, ta koma ga salula. Abin yana ci mini rai. Yaya zan yi?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Hajiya, yarinyar ba labari ta ƙi ba, harshen ne ya tare mata hanya. Wanda bai fahimta ba, ina zai ji daɗi? Ki nemo mata na Hausa. Kamfanin Gashingo na nan Yamai yana buga na yara cikin harsunan ƙasa. Abin da za ki nuna mata kaɗan ne: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, sannan "c" da "u" ba a faɗinsu yadda mushe ya koya mata.

Baban Abdul: Malam, a yi haƙuri, jarrabawa fa da Faransanci ake yin ta. Ba za ta ruɗe ba?

Malam Sani: Alhaji, tun 1973 aka fara lakwal ta gwaji da Hausa a Damagaram. Yaron da ya gane cewa rubutu magana ce yake yi da shi, zai nemi ma'ana a Faransancin ma.

Inna Rabi: Ɗiyata, kada ki miƙa mata littafi ki tafi madafa. Bayan isha ki zauna da ita, ke ki karanta da ƙarfi, ki sauya murya yadda muke yi wa Gizo da Ƙoƙi. In an zo wurin daɗi ki rufe, ki ce sai gobe. Jikana da kansa yake ɗauko littafin tun ban idar da salla ba. Kuma don Allah ban da tambayoyi bayan an gama, ba aji ba ne.

Anti Zara: Magana Jari Ce na Abubakar Imam kundi 3 ne, labaran gajeru, sai dai Hausarsa ta yi mata nauyi yanzu, ke za ki karanta mata. Akwai kuma ɗakin karatu a cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, ki bar ta ta zaɓa da hannunta.

Maman Nafisa: Allah ya saka da alheri. Inna, yau da dare zan fara. Anti, in kina da kundi na farko ki ara mini.