Gashin haske ga yarinya 'yar shekara biyar bayan tiyatar ƙari a ƙwaƙwalwa: ina neman bayani

Mahaifin yarinya ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. An yi wa 'yata mai shekara biyar tiyata, aka cire mata ƙari a bayan ƙwaƙwalwa, sakamakon gwaji kuma ya nuna ciwon daji ne, irin wanda likitoci ke kira medulobilastoma. An shaida mana cewa mataki na gaba shi ne gashin haske, wato rediyoterafi, kuma ba kanta kaɗai za a gasa ba, har da ƙashin bayanta tun daga sama har ƙasa, sannan a bi da kemoterafi, wato magungunan kashe ƙwayoyin ciwon daji. Abin da na kasa fahimta shi ne, tunda hoton da aka ɗauka bayan tiyata bai nuna ragowar ƙari ba, mene ne amfanin gashin, kuma me ya haɗa ƙashin baya da ciwon da yake a kai? Na ji ana cewa gashin yana taɓa basirar yaro da tsayinsa, shi ya sa nake tunanin a jinkirta har ta ƙara girma. Mahaifiyarta kuma tana fargabar ko hasken zai zauna a jikinta ya cutar da ƙaninta da take goyo.

Wata ma'aikaciyar sashen gashin haske ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya. Zan fara da batun ƙashin baya, domin a nan amsar take. Ƙwaƙwalwa da laka suna cikin wani ruwa guda ɗaya da ke kewaya su, kuma wannan nau'in ciwon yana da halin sakin ƙwayoyinsa cikin ruwan, su gangara su zauna a wani wuri a jikin laka. Hoton MRI ba ya iya nuna ƙwayoyi 'yan kaɗan, saboda haka hoto mai kyau bayan tiyata albishir ne, amma ba shaida ba ce cewa ba a bar komai ba. A shekarun baya, kafin likitoci su fara gasa kai da laka tare, yawancin yaran da aka yi wa tiyata kaɗai ciwon yana dawo musu. A yau kuwa, idan ciwon bai bazu ba kuma aka haɗa tiyata da gashi da kemoterafi, kusan yara takwas cikin goma suna raye bayan shekara biyar.

Fargabarka game da basira da tsayi tana da tushe, kuma ba zan raina ta ba. Hasken yana aiki ne ta hanyar lalata ƙwayoyin gado da ke cikin ƙwayar ciwon har ta kasa hayayyafa, to amma jikin yaro ma girma yake yi, ƙwayoyinsa masu lafiya suna ta rarrabuwa, don haka su ma abin yana shafar su. Wasu yaran suna samun saiɓi wajen karatu da lissafi bayan wasu shekaru, gangar jiki kan gaza kai tsayin da za ta kai saboda ƙasusuwan baya ba su girma sosai ba, kuma sinadaran jiki masu kula da girma da balaga kan ragu. Akwai ma ƙaramin haɗarin wani sabon ciwon daji can gaba. Wannan ne ya sa likitoci ke kauce wa gasa ƙwaƙwalwar yaron da bai kai shekara uku ba, sukan yi ta jan lokaci da kemoterafi. Shi ne kuma ya sa aka rage awon hasken: ana auna shi da gire, kuma a da gire 36 ake bai wa kai da laka, yanzu kuwa gire 23.4 ake bai wa yaran da ciwonsu bai bazu ba, sai a ƙara wa gurbin ƙarin kaɗai har ya kai kusan 54.

Sai dai jinkirin da kake tunani, a nan ne nake roƙonka ka yi hattara. A ƙa'ida ana so a fara gashin cikin mako huɗu zuwa shida bayan tiyata, domin ƙwayoyin da suka saura ba sa jiran yarinya ta girma, kuma idan medulobilastoma ya dawo, warkar da shi yana da matuƙar wuya. Matsalolin da na ambata ana iya bibiyarsu a rage musu kaifi, amma dawowar ciwon ba ta cika ba da irin wannan dama ba.

Ita kuwa mahaifiyarta, ta kwantar da hankalinta. Hasken daga na'ura yake fitowa, ya ratsa jiki ya wuce, da zarar an kashe na'urar babu abin da ya rage a jikin yarinyar, tana iya rungumar ƙaninta a ranar.

Wata uwa ta amsa:

Ɗan'uwa, sannunku da jinya. Ni ɗana ƙarin ƙoda ya yi, wanda ake kira ƙarin Wilms, an gasa masa gefen ciki na ɗan gajeren lokaci, don haka nasa bai kai na 'yarka nauyi ba, amma abin da ke faruwa a ɗakin gashin kusan ɗaya ne. Da farko za a ɗauke ta hoton CT tana kwance yadda za ta riƙa kwanciya kullum, a yi mata wata fuskar roba mai raga-raga da ake tausasawa da ɗumi a ɗora ta ɗauki siffar kanta, domin kada ta motsa. Gashin kansa ba ya zafi, yaro ba ya jin komai a lokacin, sunan ne kawai yake tsorata mu. Abin da ke ba yara wahala shi ne zama su kaɗai a ɗakin, domin ba a barin kowa ya tsaya, ko da uwa ce, sai dai a riƙa kallonsu ta kyamara ana yi musu magana ta lasifika. Wanda ya kasa kwanciya shiru ana ba shi maganin barci kullum, kuma hakan yana nufin hana shi abinci na wasu sa'o'i kafin a shiga. Ina ba ka shawara ku nemi a nuna mata ɗakin da na'urar kafin ranar farko, ku kuma riƙa koya mata kwanciya shiru a gida kamar wasa, domin yara da yawa masu shekarunta suna iya jurewa ba tare da maganin barci ba idan an shirya su.

Ku sa ran gajiya, da tashin zuciya, da zubewar gashin kai, da canjin launin fata a inda hasken ya bi. Kada ku shafa mata wani mai a wurin sai wanda ma'aikatan suka amince da shi, kada kuma ku goge alamomin da suka zana a jikinta.

Wani malamin jinya ya amsa:

Na yarda da abin da aka faɗa, amma akwai abin da nake ganin ya kamata Malam ya tambaya. Bayan hasken da aka saba amfani da shi, akwai gashin furoton, wanda yake sauke yawancin ƙarfinsa a zurfin da aka ƙayyade sannan ya tsaya, saboda haka idan an gasa laka, zuciya da huhu da hanji da ƙwayayen haihuwa da ke gaba ba sa samun haske mai yawa. Wajen kashe ciwon sakamakonsu kusan ɗaya ne, bambancin yana ga kare sauran sassan jiki, ƙwaƙwalwa kuwa dole ne a gasa ta gaba ɗaya ko da wanne aka yi. Cibiyoyin furoton kaɗan ne a duniya, kuma a ra'ayina bai dace a ɓata watanni ana neman sa ba alhali na'urar da ke kusa tana iya fara aiki a kan lokaci. Ka kuma nemi a gwada jinta kafin a fara, domin maganin sisfilatin da ake yawan bayarwa a kemoterafin wannan ciwon yana taɓa kunne, hasken ma haka.

Mahaifin yarinya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya, Malama: an ce mako shida za a yi ana zuwa kullum ban da ƙarshen mako. Idan ta galabaita, za mu iya dakatawa mako ɗaya ko biyu ta huta?

Ma'aikaciyar sashen gashi ta sake amsawa:

Kada ku yanke wannan hukunci da kanku, Malam. An rarraba awon ne kaɗan-kaɗan, gire 1.8 a rana, domin ƙwayoyi masu lafiya su samu damar gyara kansu tsakanin zama da zama, abin da ƙwayoyin ciwon ba su iya yi sosai ba. Idan aka tsawaita hutu, su ma sai su farfaɗo su ci gaba da hayayyafa, amfanin abin da aka riga aka yi ya ragu. Za a riƙa auna jininta duk mako, saboda ɓargon ƙashin baya yana cikin wurin da ake gasawa kuma ƙwayoyin jini kan yi ƙasa, idan akwai buƙatar ƙarin jini ko dakatawa likitanta ne zai faɗa, ya kuma tsara yadda za a rama. Zazzaɓi kuwa, ko da dare ne, ku kai ta asibiti nan take ba tare da jiran wayewar gari ba. Bayan an gama da wata ɗaya ko biyu wasu yaran kan shiga yawan barci da rashin son abinci na ɗan lokaci, wannan yakan wuce da kansa, amma ku sanar da likita. Ku kuma tambaye shi tun yanzu wane ne zai riƙa auna tsayinta da sinadaran jikinta da ci gaban karatunta duk shekara, domin idan aka gano ƙarancin sinadarin girma ko na maƙogwaro da wuri, akwai maganin da ke maye gurbinsa.