Neman kalmar Hausa: me za mu kira "demographic dividend"?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu fassara, 'yan jarida da malaman Hausa. Akwai wata kalma da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na kawo ta gabanku. Da Turanci ana cewa "demographic dividend", a Yamai da Damagaram kuma masu Faransanci na cewa "dividende démographique". Ta yi tashe sosai tun 2017, shekarar da Tarayyar Afirka ta ɗauke ta a matsayin taken shekara. A rediyo da takardun taro na fi jin ana fassara ta da "ribar yawan jama'a". Ni dai ina ganin wannan fassara tana ɓatar da mai sauraro, kuma ɓatan ba ƙarami ba ne.

Bara na halarci wani taron wayar da kai a ƙaramar hukumarmu. An tara masu unguwanni da limamai da shugabannin mata a ƙarƙashin rumfa. Baƙo ya yi jawabi da Turanci, tafinta ya ce ana so ƙasa ta ci ribar yawan jama'a. Wani dattijo da ke kusa da ni ya gyara zaman hularsa, ya ce a hankali, "To ai mu mun riga mun yi namu. Gidana kaɗai mutum talatin da ɗaya ke cin tuwo." Dattijon bai yi kuskure ba, abin da aka faɗa masa da Hausa shi ya ji. Amma abin da baƙon ke nufi daban ne, kuma har aka watse ba wanda ya gyara.

Kalmar ba yawan mutane take aunawa ba. Abin da take dubawa shi ne yadda shekarun mutanen suka rarrabu. Masana suna kasa jama'ar ƙasa kashi uku: yara 'yan ƙasa da shekara 15, sai masu 15 zuwa 64, sai dattawa daga 65 zuwa sama. Na tsakiyar su ake sa ran suna nema, sauran biyun a wuyansu suke. Idan mutuwar ƙananan yara ta ragu, daga baya haihuwa ma ta ragu, sai tarin yaran da aka haifa a baya su girma su shiga nema, na bayansu ba su kai su yawa ba, tsofaffi kuma ba su riga sun taru ba. Na wasu shekaru gommai, masu kawowa sun rinjayi masu jiran a ba su. Wannan tsakanin ne ake magana a kai.

Duk wanda ya tashi a gidan gandu ya san wannan lissafi ba tare da alƙalami ba. A gidan kakana, idan kana son sanin halin da ake ciki, ka ƙirga fartanyoyin da ke jingine a zaure, sannan da magariba ka leƙa tsakar gida ka ga yawan yaran da suka kewaye akushi. Ina ƙarami fartanya huɗu ce, mu kuwa masu miƙa hannu mun haura ashirin. Kakarmu ce ke riƙe da awo. Na sha ganin ta ta cika tiya, ta tsaya shiru, ta sa hannu ta ɗebe kaɗan ta mayar cikin buhu. Kafin gero ya nuna, an fara zuwa awo kasuwa. Da muka tasa, fartanya ta koma goma sha ɗaya, ƙananan da ke gidan kuma ba su kai mu yawa ba. A waɗannan shekarun aka sayi shanun huɗa, aka yi wa ɗakuna rufin kwano, aka kai ƙannenmu mata biyu sakandare. Yawan mutanen gidan bai wani canja ba. Hannu ne ya rinjayi baki.

Ƙasar da ta fi nuna wannan abu daga farkonsa har ƙarshensa ita ce Koriya ta Kudu, shi ya sa da ita nake gwada kowace kalma aka kawo.

A 1960, 'yan shekaru bayan yaƙin da aka yi daga 1950 zuwa 1953, mace a Koriya ta Kudu tana haihuwar 'ya'ya wajen 6 a matsakaici, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na jama'ar yara ne 'yan ƙasa da 15. Talauci ne ko'ina. A 1962 gwamnati ta soma shirin tsara iyali na ƙasa baki ɗaya, kuma a tare da shi ta cika ƙauyuka da makarantu, ta kafa masana'antu: saƙa da ɗinki da farko, daga baya ƙarfe a Pohang, jiragen ruwa da motoci a Ulsan. Zuwa 1983 haihuwa ta sauko ƙasa da 2.1, wato adadin da ake bukata domin 'ya'ya su maye gurbin iyayensu. Yaran da aka haifa bayan yaƙi suka fito daga makaranta suka tarar da aiki yana jiransu, suka yi ajiya a banki, ajiyar ta koma jari. A 1998 masana tattalin arziki biyu, David Bloom da Jeffrey Williamson, suka ƙiyasta cewa wannan sauyin shekaru na iya kai kashi ɗaya cikin uku na bunƙasar da Gabashin Asiya ta yi.

Amma a duba yau. A 2020 waɗanda suka mutu a Koriya ta Kudu sun fi waɗanda aka haifa yawa. A 2023 matsakaicin haihuwa ya faɗi zuwa 0.72, babu ƙasar da ta kai ta ƙarancin haihuwa a duniya. A ƙarshen 2024 masu shekara 65 zuwa sama suka kai kashi 20 cikin ɗari. Akwai makarantun firamare fiye da ɗari da shekara ke zagayowa ba su sami ɗan aji ɗaya ko guda ba. Hannayen da suka gina Pohang da Ulsan yanzu su ne ke jiran a ba su. Sin ma ta bi sahu: a 2022 jama'arta suka ragu karon farko tun farkon shekarun 1960, a 2023 Indiya ta wuce ta.

Saboda haka kalmar da muke nema dole ta ɗauki abu uku. Lokaci ne mai zuwa ya wuce. Ba ya ba da komai sai an yi aiki a cikinsa, domin ƙasashen Latin Amurka da yawa sun sami irin wannan sauyi amma ba su kwashi abin da Gabashin Asiya ta kwasa ba. Sannan maganar masu nema ce, ba maganar yawan kawuna ba.

"Riba" ta faɗi tun a nan. Riba ita ce abin da ɗan kasuwa ke ƙirgawa bayan an tashi ciniki, tana hannu. Wannan kuwa ba ta hannu. Wani ya ba ni shawarar "garaɓasa", na ce a'a, garaɓasa a bagas take zuwa, kamfanonin waya ma sun gama mayar da ita kyautar kati. "Albarkar matasa" ta fi daɗin ji, kuma na daɗe ina juya ta, amma tana da matsala biyu. Mai shekara 60 da ke ɗinki a kasuwar Kwari yana cikin lissafin, kuma ba matashi ba ne. Sannan a wurinmu kowane ɗa albarka ne tun ranar suna, ba sai ya fara kawo kuɗi ba. Ba na so mu ƙirƙiri kalmar da za ta sa uwa ta ji kamar ana cewa jaririnta bai shiga sahun albarka ba.

Na gwada "kaka", lokacin girbi. Sai dai tana karo da kakar da ta haifi uwa ko uba. A rubuce ɗaya suke, kuma a maganar da ake ta ambaton tsofaffi da jikoki, mai karatu zai yi tuntuɓe. Ga shi kuma kaka sakamako ce, ta tsallake wahalar da ke gabanta.

Abin da na tsaya a kai da farko shi ne "daminar majiya ƙarfi". Damina uwar albarka, amma kowane manomi ya san ruwa ba ya shuka wa kowa. Gona biyu na iyaka da juna, ruwa ɗaya ya sauka a kansu, ɗaya ta cika rumbu ɗaya ta cika da ciyawa. Kuma damina tana da ranar ɗaukewa. Wanda ya ji kalmar zai tambayi kansa: an tanadi iri? An yi sharar gona? Ita ce ainihin tambayar da ake so gwamna da mai unguwa su yi.

Bayan na tura muku wannan rubutu, ga amsoshin da suka shigo tun jiya, na gode ƙwarai.

Hajiya, malamar makarantar da ta rubuto daga Zariya, kin yi gaskiya kuma na karɓa. Kin ce idan aka ce "majiya ƙarfi" hoton da ke zuwa zuciya na ƙarti ne masu dako da haƙar rijiya, ba a ganin mace a ciki. Alhali babban ɓangare na abin da ya faru a Koriya shi ne 'yan mata da suka yi karatu suka cika masaƙu da ɗakunan haɗa rediyo. A nan gida ma mai ƙosai, mai kitso, ungozoma da malamar aji duk nema suke yi. Shawararki ta "masu nema" ta fi tawa. Na bar "majiya ƙarfi", na koma "daminar masu nema". Sai dai a kiyaye, kada wani ya taƙaita ta zuwa "manema", domin wannan wurin aure za ta kai mu.

Malam daga Maraɗi, Allah ya ƙara sani. Ka ce ku "damana" kuke cewa, haka ma mutanen Sakkwato. Wannan ba matsala ba ce, kowa ya rubuta da bakin garinsu, ma'anar ba ta motsa ba. Amma ƙorafinka na biyu ya fi nauyi: damina kowace shekara tana dawowa, wanda ya yi sake bana yana iya gyarawa baɗi, wannan kuwa sau ɗaya ƙasa ke samunta. Na kwana ina tunaninsa. Gaskiya ne, nan ne raunin kalmar, ba zan ɓoye ba. Abin da na gani shi ne, duk inda aka fara ambatonta a labari ko darasi, a biyo ta da bayani ɗaya: damina ce da ba ta zagayowa. Na fi son kalmar da ke bukatar wannan ƙarin a kan wadda ke cewa an riga an ci riba.

Ƙanena ɗalibin jami'a, ka tambaya ko Najeriya da Nijar suna cikin daminar yanzu. A ganina ba mu shiga ba tukuna, muna bazara ne, hadari na haɗuwa. Ƙidayar 1991 ta ba Najeriya mutum miliyan 88.9, ta 2006 ta ba da miliyan 140.4, kuma tun daga nan ba a sake yi ba, wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. Ƙiyasi ya ce mun haura miliyan 220. Binciken lafiya da jama'a na ƙasa ya nuna matsakaicin haihuwa yana sauka a hankali: 5.7 a 2008, 5.5 a 2013, 5.3 a 2018, sai 4.8 a na 2023-2024. Har yanzu fiye da kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da 15. Kuma ruwan ba lokaci ɗaya zai sauka ko'ina ba: a binciken 2018 Legas na da 3.4, Katsina na da 7.3. A Nijar ƙidayar 2001 ta sami mutum miliyan 11, ta 2012 ta sami miliyan 17.1, matsakaicin haihuwa a shekarar 7.6 ne, kuma kusan rabin jama'a yara ne. A irin wannan hali, gaya wa mutane cewa suna cin "ribar yawan jama'a" yaudara ce, ko da mai faɗa bai nufa ba.

Wani bawan Allah ya rubuto cewa duk wannan dabara ce ta hana mu haihuwa, an sake mata riga. Yallaɓai, na fahimci inda tsoron ya fito, kuma ba zan raina shi ba. Mun ga yadda "ƙayyade iyali" ta sha ƙyama a ƙasar Hausa shekara da shekaru, har sai da aka koma cewa "tazarar haihuwa", abin da iyayenmu mata suka sani tun asali ta hanyar shayarwa shekara biyu. Ba zan ce maka raguwar haihuwa ba ta cikin lissafin ba, tana ciki. Amma abin da ke fara zuwa shi ne yara su daina mutuwa da ƙyanda da zazzaɓi da gudawa, 'ya mace ta gama makaranta, saurayi ya sami sana'a. Kuma wanda ya ga 0.72 na Koriya ya san ba can muke fatan zuwa ba. Kalmar damina ba ta umarci kowa da adadin 'ya'ya ba, tana dai tambayar hannu nawa ke noma wa baki nawa.

Na gwada ta a jimlar labarai domin in ji yadda take zama a baki: "Masana sun ce Koriya ta Kudu ta ci moriyar daminar masu nema tun daga shekarun 1970, amma yanzu ruwan ya ɗauke mata." Sai kuma: "Gwamnonin Arewa maso Yamma sun tattauna yadda za a shirya wa daminar masu nema ta hanyar ilimin 'ya'ya mata da koyar da sana'a." Na karanta wa mahaifiyata ta biyun ba tare da wani bayani ba. Ta ce, "Wato kafin yaran nan su girma a tanadar musu abin yi." Da wannan kalmar zan yi aiki a fassarar da zan miƙa ranar Juma'a. Wadda ta rage mini ita ce kalmar lokacin da ke biyo baya, sa'ad da tsofaffi ke ƙaruwa masu nema na raguwa kamar yadda ake gani a Koriya da Japan. Wasu sun ce "tsufar ƙasa", ni kuma kunnena bai kwanta da ita ba. Masu shawara, ina saurare.