Ƙanena ya faɗa shan tiramol, ana maganar kai shi gidan mari

Maman Haidar, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Don Allah shawara nake nema. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, buga bulo yake yi a nan Katsina. Abokan aiki suka koya masa tiramol, wai don a wuni cikin rana ba gajiya. Da farko ɗaya yake jefawa a shayin safe. Yanzu ranar da bai samu ba sai zufa da hamma da ciwon gaɓɓai, ga faɗa da kowa, har Inna bai bari ba. Ranar Juma'a ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana karkarwa, kumfa na fita a baki, har ya ciji harshensa. Inna ta ce iska ce, amma ni da na zo wanki na ga fallen ƙwayar a aljihunsa, an rubuta 225. Kawu ya dage sai an kai shi gidan mari, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Me kuke gani?

Anti Nas:
Wa alaikumussalam. 'Yar'uwa, faɗuwar nan aikin ƙwayar ne. Tiramol in ya yi yawa yana tayar da farfaɗiya, in kuma aka haɗa shi da kodin ko roci (ƙwayar sa barci) ko giya, numfashi ke raguwa har mutum ya wuce cikin barci. Wanda doka ta amince da shi a Najeriya mai miligiram 50 ne da mai 100, shi ma sai da takardar likita. Mai 225 na fasa-ƙwauri ne.

Kada ku kulle shi ku ce ya daina dare ɗaya, jikinsa ya riga ya saba. Likitan ƙwaƙwalwa ne zai tsara yadda za a raba shi da ita. Ku fara da babban asibiti, in abin ya fi ƙarfinsu akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, mai sashen masu shaye-shaye. In ya sake faɗuwa ku kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, ku garzaya asibiti.

Ɗan Daura:
Hajiya, ki roƙi Kawu ya haƙura. Mu a Daura mun gani da idonmu a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane daga irin wannan gida, ƙafafu ɗaure da mari, jiki duk tabon bulala. Iyayensu ma gyara suka kai su nema. Addu'a kam a dage, amma a haɗa da magani.

Malam Sabuwar Unguwa:
Allah ya shirye shi. Ki gaya wa Inna ta daina ɓoyewa don kunya, gidaje da yawa na cikin wannan hali. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar aka hana maganin tari mai kodin, amma har gobe ana sayarwa a bayan fage. Abin da ke ƙona mini rai, mai sayarwar ɗan unguwa ne, da shi muke sahu a masallaci. In kun gano wanda ke ba shi, ku kai rahoto ofishin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi.

Maman Haidar:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Kawu, ya yarda a fara da asibiti ranar Litinin. Anti Nas, in tafi da fallen ƙwayar in nuna wa likita? Kuma yaya zan shawo kansa ya bi mu da ƙafarsa, tunda har yanzu cewa yake lafiyarsa lau?