P.H.E karatu ne, ko wasa da rawa kawai?

Kawun Gwale: Salamu alaikum jama'a. Ni fa maganata ɗaya ce kuma ba na jin zan janye, wannan kwas ɗin na P.H.E, wato ilimin motsa jiki da lafiya, da ake ba yara a kwalejin ilimi ba karatu ba ne, wasa ne kawai aka ba shi satifiket. Yaro ya share shekara 3 yana NCE ya fito da usur a wuya, shi ba likita ba shi ba ɗan ƙwallo ba, yanzu kuma na ji wai har rawa tana cikin abin da ake koya musu. To sana'ar me ke nan?

Malamin Wasanni: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma. Usur ɗin kawai kuke gani ranar gasar gidaje ta makaranta, amma kafin mutum ya rataya shi sai ya haddace ƙasusuwa da jijiyoyi da gaɓɓai, ya san yadda zuciya da huhu ke aiki in ana gudu, ya yi taimakon gaggawa, abinci mai gina jiki, cututtuka masu yaɗuwa, tsaftar makaranta, ga dokokin wasanni da yadda ake tsara gasa, kuma duk sai an rubuta jarrabawa a kai. ABU Zariya da BUK duk suna da sashen, ana yin digiri har zuwa digiri na uku. Wanda ke son koci zalla kuma akwai cibiyar horar da harkar wasanni ta ƙasa a Surulere, Legas.

Kawun Gwale: Malam na ji jerin darussa, aikin nake tambaya.

Anti Nas: Kawu bari in shigo ta ɓangarenmu na asibiti. Wallahi ku zo layin masu hawan jini da ciwon suga ku gani, mutum ɗan shekara 40 amma hawa bene ɗaya sai ya tsaya ya huta, daga gida sai babur ko adaidaita sai shago sai tabarma. Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 kullum yana motsa jiki, babba kuma minti 150 zuwa 300 a sati. Wa zai saba wa yaro da wannan? Mu dai sai an kwanta ake kawo mana mutum. Wanda ke riƙe da yaron tun yana firamare shi ne malamin P.H.E, in har an bar shi ya yi darasinsa, don makarantu da yawa firiyod ɗinsa ake ɗauka a ba lissafi ko a sa yara shara.

Ɗan Zazzau: Anti gaskiya ne, amma Malam kar a yi zuzutawa ma. Ni fiziyo nake karanta, wato aikin gashin ƙashi da motsa gaɓɓan majiyyaci, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne wani ya gama P.H.E ya buɗe jim, gobe ka ji ana kiransa dokta yana murza wa mai shanyewar ɓarin jiki kafaɗa. Ba hurumin sa ba ne. Mu a tsangayar kiwon lafiya muke, muna zagayen asibiti, kuma sai hukuma ta ba mu lasisi kafin mu taɓa majiyyaci. Shi mai lafiya ne nasa, ya hana shi kwanciya, in ɗan wasa ya yi targaɗe a fili ya sa ƙanƙara ya ɗaure ya turo asibiti, iyakarsa ke nan.

Malamin Wasanni: Ƙanena ban yi musu ba, duk wanda ya wuce nan ya yi shisshigi. Amma ka lura darasin sassan jikin da kake yi da wanda na yi tushensu ɗaya, daga baya ne kowa ya kama hanyarsa, kai ka bi majiyyaci, jami'in wayar da kan jama'a kan lafiya ya bi unguwa, ni na tsaya makaranta.

Maman Biyu: Ni duk wannan bai dame ni ba, maganar rawar nan nake so a fayyace min. 'Yata na sakandare, ace malami namiji ya tara 'yan mata yana koya musu karya kugu da sunan darasi? Malam ka faɗa min gaskiya dan Allah, akwai ko babu?

Malamin Wasanni: Hajiya akwai, ba zan ɓoye miki ba, amma ba irin wadda kike hangowa ba. Tarihin abin daga Amurka yake, ƙungiyar malaman motsa jiki ta can an kafa ta 1885, a hankali aka haɗo lafiya da nishaɗin lokacin hutu, sai 1979 aka ƙara rawa a cikin sunanta, a 2014 suka koma SHAPE America. Dalili kuwa a jami'o'insu rawa a sashen motsa jiki na mata ta taso, digirin rawa na farko a jami'ar Wisconsin aka fara shi 1926 ƙarƙashin wata malama Margaret H'Doubler, malamar motsa jiki ce. Mu ma ƙungiyarmu ta Najeriya NAPHER-SD haka ta jero su, motsa jiki, lafiya, nishaɗi, wasanni, rawa. Abin da muke nema a ciki shi ne yaro ya iya daidaita ƙafa da hannu da numfashi a kan kari, ɗan firamare da ba zai jure zagaye fili ba in ka sa masa waƙar gaɗa da tafi sai ya yi rabin awa yana tsalle bai sani ba. Wanda zai ci abinci da rawa a matsayin sana'a kuwa ba wajenmu yake zuwa ba, sashen wasan kwaikwayo yake tafiya ko ya shiga ƙungiyar 'yan koroso.

Kawun Gwale: Yawwa, ka faɗa da bakinka, kayan aro ne daga Amurka. Abin da ya dace da Wisconsin dole ne ya dace da Gwale?

Bamaraɗe: Kawu gafara dai, sunan ne na aro, abin namu ne tun kaka da kakanni. Nan Nijar kokowa ita ce sarauniyar wasanni, tun 1975 ake gasar kokowa ta ƙasa da ake ba gwarzonta takobi, jihohi 8 kowace da 'yan kokowarta, ƙasa gaba ɗaya na manne da rediyo da talabijin. Ku kalli ɗan kokowa kafin ya kama, sai makaɗi ya zuga shi ya taka ya yi kirari jiki ya yi zafi tukuna, to a nan wa zai raba min wasa da rawa da nishaɗi? Haka dambe a wajenku. Kuma yanzu 'yan kokowar nan suna da masu horar da su, ba ƙarfin tuwo kaɗai ba ne.

Anti Nas: Ai 'yan koroso ma in ka ga yadda suke lanƙwasa jiki ka san horo ne na shekaru. Kuma Hajiya gaɗa da carafke da 'yar gala-gala da muka yi a dandali su suka riƙe mana jiki, yanzu ina dandalin? Yarinya daga boko sai islamiyya sai waya.

Maman Biyu: Anti gaɗa daban, mu ya mu muke yi ba namiji a tsakiya. In mace ce za ta koyar kuma 'yan mata zalla a wuri killatacce ba ni da ja. Matsalar ita ce malamai mata a wannan fannin ba su da yawa a nan.

Malamin Wasanni: To Hajiya kin ga inda gizo ke saƙar, in iyaye suka ɗauki maganar Kawu cewa ba karatu ba ne wa zai bar 'yarsa ta karanta, in ba ta karanta ba kuma daga ina malamar za ta fito? Addini ma bai hana mace motsa jiki ba, ya tabbata Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, kuma ya tsaya ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci.

Kawun Gwale: Tsere da wasan masu ba rawa ba ne Malam, kar a haɗa. Motsa jiki ban ƙi shi ba, Sardauna ma ai an san shi da wasan fayif, na buga ƙwallo da hannu a jikin bango, har ya girma, amma bai yi digiri a kai ba, nishaɗi ne bayan aiki.

Ɗan Zazzau: Kawu amma wani ne ya gina filin fayif ɗin, wani ya koya musu tun suna kwalejin Katsina, wani ke kula da shi. Nishaɗin ma aiki ne ga wani. Filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna da na Sani Abacha a Ƙofar Mata ba su gudanar da kansu, gasar wasanni ta ƙasa da aka fara 1973 zamanin Gowon don haɗa kan matasa bayan yaƙin basasa, har langa da dambe da kokawa ana yi a ciki, duk masu tsarawa da alƙalai da kocina ake nema.

Kawun Gwale: Mutum nawa filin wasa biyu zai ɗauka? A unguwarmu filin makarantar da muka taso muna ƙwallo an yanka an yi shaguna, makarantun kuɗi kuma gidan haya ne mai ɗaki shida ko wurin fareti babu. Ka horar da malami dubu ka kai su ina?

Malamin Wasanni: Wannan kam ciwo ne Kawu, ni kaina a tsakar aji nake ture benci in yi darasi. Amma laifin wanda ya sayar da fili ne da wanda ya ba makaranta izini babu fili, ba laifin kwas ɗin ba.

Kawun Gwale: Na yarda da rabin lafiyar saboda maganar Anti. Rawa dai a cire ta, a bar wa yara langa.

Bamaraɗe: Kawu langa ma ai da ƙafa ɗaya ake tsalle ana waƙa, sai dai mu ce kar a kawo kalangu.